Ruhu a Kwalba Ɗari Huɗu

Yayana Hudaifa ya kai shekara arba'in da bakwai bai taɓa ganin sunansa a jikin aikin hannunsa ba. Ni ƙanwarsa ce, na san babu abin da ke ci masa rai kamar wannan, ko da yake in ka tambaye shi sai ya yi dariya ya ce suna ai na masu jinsiyya ne, wato masu takardar zama 'yan ƙasa.

A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife mu. Kakanmu ya taso daga Katsina da ƙafa, ya yada zango a Sudan, ya iso Makka da furfura. Tun Hudaifa yana ƙarami yake zane, a bango, a kwali, har a bayan takardar asibitin Ummi, mahaifiyarmu. Labari yake ja gida-gida a takarda, mutane suna magana a cikin ɗan da'ira saman kawunansu. Babanmu ya dake shi a kan zana fuskoki har ya gaji. Ummi ce kaɗai ke kwashe takardun ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, tana cewa wata rana za a san ɗanta.

Ba a san shi ba. Ya yi shekara ashirin yana rubuta allunan shaguna, kowane allo da sunan mai shago, har na'ura ta zo ta ƙwace sana'ar. Daga nan ya koma tsaron shagon turare a tashar Kudai, yana shafa wa alhazai a bayan hannu kafin motarsu ta tashi. Da aka rushe layinmu muka dawo unguwar Ka'akiyya, jakar zanensa ta ɓace a wajen kwasar kaya. Ya zauna a bayan kanta ya sake zana unguwar daga kansa, lungu-lungu, yana sakawa a intanet inda mutum bakwai ko takwas ke kallo. Jarumar labarin wata tsohuwa ce mai sayar da sobiya, abin shan azumi, wadda ta ƙi tashi daga ƙofar gidanta. Kowa ya gani ya san Ummi ce, har da tsagar Katsinawan da ke kumatunta.

Bara sai ga saƙo daga wani kamfani a Amurka. Hudaifa ba ya jin Turanci, wayarsa ce ta juya masa zuwa Larabci. Suna son zanen tsohuwar nan a jikin kwalba ɗari huɗu kacal, kowace da lambarta, cikin akwatin katako, don masu tara irin waɗannan kaya. Abin da ke ciki an ajiye shi shekara goma sha biyu a cikin itace, yana da ƙamshin zuma da hayaƙi. Wayar ta kira shi ruhu. To a bakin masu turare a garin nan, ruhu shi ne tsantsar turare, wanda ba a sirka ba. Ka faɗa wa mai shagon turare an tsufar da ruhu a itace an zuba a kwalba mai lamba, me kake so ya ɗauka? Kuma sun ce za su buga sunansa a ƙasan zanen. Yana ganin wannan layin ya sa hannu, sauran takardar ko kallo ba ta ishe shi ba.

Ni ma ban tsira ba, don ni na yi ta yayata maganar. Ummi kuwa sai da ta gaya wa duk matan da muka taso tare daga Nakkasa cewa Turawa sun sa ɗanta a kwalbar turare. Ta sa shi ya yi alkawarin za a kawo mata guda. Ta ce ba za ta shafa ba, ajiyewa za ta yi, ranar da ta cika a fesa wa likkafaninta. Muka ce ta daina irin wannan magana, ta ce mu ne ba mu san daɗi ba.

Wata shida bayan nan hoton kwalbar ya iso. Wallahi ta yi kyau. Ga Ummi da tulun sobiyarta, ga sunan Hudaifa da haruffan zinariya. Ranar Juma'a bayan la'asar ya nuna wa Turki, ɗan baffanmu, wanda ke aikin karɓar baƙi a otal kuma yake jin Turanci. Ina zuba musu shayi na ga Turki ya ƙara girman hoton, ya daɗe yana kallo, ya ajiye wayar a hankali.

"Ya Hudaifa, wa ya ce maka turare ne?"

"Ruhu suka rubuta. Ni na karanta da idona."

"Giya ce. Barbon suke kiranta. Haka Turawa ke ce wa giya mai ƙarfi, ruhu."

Hudaifa ya ɗauki shayinsa ya shanye da zafinsa. Ni ce na hau faɗa, na zagi wayar, na zagi kamfanin, na haɗa da Turki da bai ci ba bai sha ba. Daga baya na gane kaina nake jin haushi, don da na yi shiru da bakina da abin bai kai ko'ina ba.

Turki ya rubuta musu a madadinsa, ya roƙi a cire zanen, in ba zai yiwu ba a goge sunan. Suka amsa da ladabi. Sun ce sun yi baƙin ciki da rashin fahimtar, amma kwalaben sun ƙare tun ranar farko, suna hannun masu su a ƙasashe daban-daban. Har suka ƙara da cewa ya kwantar da hankalinsa, yawancin masu saye ba sa buɗewa, jerawa suke yi a kabad su riƙa kallo. Wai lallashi ke nan. Fuskar uwarmu, matar da ba ta taɓa barin sallar walaha ba, tana jere a gidajen mutane a jikin kwalbar giya, kuma da sunan ɗanta a ƙasa don kada a yi shakka.

Hudaifa ya goge shafinsa na intanet a ranar. Yana zuwa shago yana dawowa, ya rage magana, ya rame. Mu uku muka sani, kuma kowannenmu na tsoron ranar da wani ɗan unguwa zai ci karo da hoton. Ummi kuma ba ta fasa tambaya ba. Kullum ya shigo sai ta ce ina turarenta, ko jirgin ne bai taso ba.

Da ciwon ƙafarta ya kwantar da ita a watan Rajab, tambayar ta koma safe da yamma. Sai ya samo kwalba mai kyau a shago, ya cika ta da turaren ud na gaske, ya yanko takarda ya sake zana tsohuwar da hannunsa, ya manna. Rabonsa da alƙalamin zane wata biyar ke nan, kuma bai sake taɓawa ba. Na tsaya a bakin ƙofa lokacin da ya miƙa mata, kunya da tausayi sun hana ni shiga.

Ta sa tabarau, ta juya kwalbar gaba da baya, ta yi murmushi da ta ga kanta. Sannan ta bi ƙasan zanen da yatsa, ta sake bi.

"Ina sunan naka, ya waladi, ɗana? Ba ka ce za su sa ba?"

Ya gyara mata matashin kai, bai kalle ta ba.

"Ba su sa ba, Ummi."

Ta rungume kwalbar a ƙirji ta ce kada ya damu, nan gaba za su sa.