Maratayin Kafaɗar Hagu

Mahaifina baduku ne, kuma duk wanda ya kuskura ya kira shi mai gyaran takalmi ya sayi faɗan yini guda. Daga Sakkwato kakana ya taso da shi yana goye a bayan kakata, suka yi shekaru a Sudan suna jiran hanya, kafin Allah ya sauke su Makka. A nan ya girma, a nan ya tsufa, amma bakinsa bai taɓa barin Sakkwato ba. Har ya koma ga Allah "hwata" yake cewa, mu 'ya'yansa da muka tashi da Larabci muna dariya a ɓoye.

Abin da ya yi suna a kai maratayin salka ne. A zamanin da famfo bai hau duwatsun Makka ba, 'yan ga-ruwa ke hawa da ruwa gida-gida, kuma wanda ya san ciwon kafaɗarsa wajen Baba yake zuwa. Faɗin maratayin ya kai tafin hannu, jar fatar akuya a sama, ta raƙumi a ƙasa. Ba a miƙe yake yanka shi ba, yakan lanƙwasa shi kamar lauje don ya kauce wa wuya. Ba ya ɗinki da zare, siririyar fata yake ferewa ya ɗinka da ita, sannan ya zana baƙaƙen kusurwoyi uku daidai inda ƙashin kafaɗa zai zauna. Duka na dama yake yi, don a cewarsa ruwa abin alheri ne, da dama ake ɗaukarsa. Da ruwan famfo ya zo, masu salka suka watse, sai wani mai shago a tsohuwar kasuwar Jidda ya riƙa karɓar ɗaya-ɗaya yana sayar wa baƙi masu son kayan da.

Ni ban koyi aikin ba. Na ƙi, ƙiri-ƙiri. Kuma lokacin da rusau ya iso gefenmu na unguwar Nakkasa muka koma shukka, wato gidan haya a bene, a Utaibiyya, hawa na uku, ɗaki biyu da falo, ni ne na buɗe wannan bakin nawa da ba ya jiran shawara. Baba yana neman inda zai shimfiɗa allon yankansa, ni kuma na gaji da jidar kaya, na ce, "Haba Baba, halas mana, ya isa haka. Aikin nan ya mutu tun ba a haife ni ba. Wa ke nemansa?" Ya tattara wuƙaƙensa da basillunsa ya ɗaure a buhu, ya ce a ɗora masa saman kabad.

Shekara biyu buhun nan bai sauko ba. Baba ya koma mutumin taga: daga masallaci sai kujerarsa, ya zuba wa titi ido. Tuwon da yake tashi da malmala biyu ya koma rabi. Mun kai shi asibiti aka ce ba a ga komai ba. Ni na san abin da ke damunsa, don ni na faɗe shi, kuma ban san yadda ake janye irin wannan magana ba.

A lokacin ina aiki a wani ɗakin girki a Aziziyya, inda muke dafa wa alhazai da masu umara abinci. Abokin aikina wani Bajawe ne, ɗan tsibiran gabas mai nisa, mai kimanin shekara hamsin, mutumin kirki, ba ya wasa da salla, amma Allah ya jarrabe shi da son kiɗan Turawa, irin mai ƙarar nan da ake kira rok. Akwai wasu tsofaffin makaɗa da ya ce tun yana saurayi a ƙasarsu yake jin su. Sun fito da sabuwar waƙa da ta zagaye duniya, shi kuwa ya mai da bidiyonta wuridi. Yakan jingina wayarsa da buhun shinkafa yana yanka albasa yana gyaɗa kai. Na sha gaya masa cewa wannan ba kiɗa ba ne, tukwane ne suka faɗo daga kan kanta.

Ranar nan ya matsa mini sai na kalla. Na kalla don ya rabu da ni. Tsofaffi biyar ne a cikin wani kangon masana'anta, tartsatsin wuta na zuba bayansu, mai waƙar yana ihu kamar kunama ta harbe shi. Can sai aka matso da hoton kan mai jitar, wani siririn tsoho da furfura har kafaɗa. Hannuna na cikin ruwan shinkafa na daskare. Jar fata ce a kafaɗarsa, ta yi duhu don tsufa, mai faɗin tafin hannu, ga kusurwoyi uku baƙaƙe a jere.

Na ce wa Bajawen ya mayar baya. Ya mayar. Na ce ya sake. Sau bakwai muka kalli wurin, har shinkafar ta jiƙe fiye da ƙima. Na girma ina tsallake irin waɗannan maratayai a tsakar gidanmu, ko cikin barci aka nuna mini zan gane su. Yadda ya bar Jidda ya kai kafaɗar wannan Bature, har yau ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Na ce wa Bajawen, "Ubana ne ya yi wannan." Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba, sai ya ajiye wuƙarsa ya rungume ni da warin albasarsa.

Da na gaya wa yayata, wadda ke kula da Baba, sai ta dafe ƙirji. "Kai majanuni ne? Mutumin da ya sauka daga tasi a tsakiyar hanya saboda direba ya ƙi kashe kiɗa? Za ka je ka ce masa aikin hannunsa na rataye da kayan shaiɗan? Ka kashe shi sau ɗaya da bakinka, bai ishe ka ba?" Maganarta ta shige ni, don gaskiya ta faɗa. In Baba ya ɗauki abin a matsayin abin kunya, to na ƙarasa abin da na fara. Kwana huɗu ina juya shi a raina. Ran Juma'a bayan la'asar na ce ko a mutu ko a yi rai.

Na kashe sautin gaba ɗaya, na durƙusa gefen kujerarsa na miƙa masa wayar. Na ce, "Baba, duba wani abu."

Ya sa tabarau, ya yi kallon ɗan lokaci, ya yamutsa fuska. "Waɗanga wane irin tsohhi na? Ba su da jikoki da za su ji ma kunya?"

"Ci gaba dai da kallo, Baba."

Da aka zo wurin na tsayar da hoton na faɗaɗa shi da yatsu. Baba ya kawo wayar dab da hancinsa, ya nisanta ta, ya sake kawowa. Yayata na tsaye bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Wanga nawa na," in ji shi. "Na shekarar da anka yi ambaliya na. Hwatar ba ta sha jima da kyau ba, shi ya sa nis sa mata ɗinki biyu a baki. Ga shi nan." Ya nuna da farce. Wallahi ni ban ma lura da shi ba.

Sai ya tambaye ni nauyin abin da mutumin ya rataya. Na ce ban sani ba, amma bai kai salka ba. Ya ce in saki bidiyon ya ci gaba da tafiya. Muka kalli tsohon yana tsalle, yana wujijjiga jitar, yana jefa ta bayansa ya fizgo ta. Baba bai dubi fuskarsa ba ko sau ɗaya, idonsa na kan bakin maratayin inda nauyi ke ci. Duk fizgar da mutumin ya yi sai na ga yatsun Baba sun matse hannun kujera. Da bidiyon ya ƙare ya jingina, ya ce, "Bai tsinke ba." Ya sake cewa, "Shekara talatin da wani abu, mahaukaci na ja nai, bai tsinke ba." Na ga haƙoransa a waje, abin da na manta kamanninsa.

Na ce a raina shi ke nan, an gama lafiya. Ashe ban san ubana ba. Ya ce in mayar masa farko. A karo na uku ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ka ga abin da yaka yi da kahwaɗa tai?" Na duba. Lallai, bayan kowane ɗan lokaci tsohon yakan ɗaga kafaɗa ya karkata wuya, ni na ɗauka salon rawarsu ne.

"Ba rawa ba ta," in ji Baba, ransa a ɓace. "Cizo nai yaka yi. Na dama niy yanka, shi ko ga hagu ya rataya. Lanƙwasar ta juya, bakin na shiga mai wuya. Shekara nawa bawan Allah na shan wanga azaba, kuma bai yar da shi ba?"

Yayata ta yi ƙarfin hali ta ce, "To Baba ai kiɗa yake yi da shi."

"Kiɗa nai tsakani nai da Ubangiji nai. Wuya nai ko, aikina na." Ya juyo gare ni. "Sauko min da buhun can."

Na hau kujera na sauko da shi, ƙura ta cika mini ido, na ji daɗin samun abin da zan ɗora wa laifin hawayena. Na ce, "Baba, ko ka yi, ta ina za mu aika masa? Ba mu san ko ƙasarsu ba."

"Wa ya tambaye ka? Tashi tsaye. Tsawonku guda."

Na miƙe a tsakiyar falo, ƙato da ni mai 'ya'ya biyu, ya ɗora mini ragowar wata jar fata a kafaɗar hagu. Ya bi ƙashin da babban yatsa yana latsawa, yana zana layi da alli, yana gunaguni cewa kafaɗata kamar ta wanda bai taɓa ɗaukar komai ba. Ya shimfiɗa fatar kan allo, ya wasa wuƙar, ya ɗora bakinta kan layin. Hannun ya ƙi tsayawa. Ya ɗaga, ya sake ɗorawa, wuƙar na rawa. Mu duka uku muna gani.

Ya daɗe yana duban hannun nasa. Sannan ya juya wuƙar, ya miƙo mini ƙotar.

Na durƙusa na yanka, gumi na ɗiga daga haɓata. Da na kai ƙarshe ya ɗaga fatar ya duba ta ta gefen taga, ya ja tsaki mai tsawo.

"Karkatacce. Ko jaki ba ni rataya ma wanga." Ya jawo wata fatar daga buhun ya shimfiɗa a gabana. "Sake. Kuma wanga karon bar riƙon ta kamar mai yankan albasa."