Bencin Yaya

Yayana mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara ashirin da shida ya yi a kan benci ɗaya a layin masu gyara, na uku daga bakin titi, har katakon ya lotsa daidai mazauninsa. Ba ya kwance keke sai ya saurare shi. Zai kafa sukudireba a jikin ƙarfen, ya ɗora kunne a mariƙinta, ya juya keken da hannu, sai ka ji ya ce, "Ƙoshiya ce." Kuma ita ɗin ce, ƙarfen da ke riƙe zaren ƙasa.

Laifinsa guda. Wata tela ta ɗauko keke tun daga ƙarshen gari saboda zare yana cukurkuɗewa, gyaran da bai wuce juya noti ɗaya ba. Abin ya tsaya masa a rai. Tana tafiya ya jingina wayarsa da gwangwanin mai, ya ɗauki bidiyon yadda ake juya notin, ya sa a shafinsa na intanet. Daga nan duk mako sai ya sa ɗaya.

Layi ya ɗau zafi. Suka raɗa masa Ɗan Fim. Shugaban ƙungiyarsu, wanda rabonsa da zura zare a allura tun tumbinsa bai kai teburi ba, ya kira taro.

"Malam, sirrin sana'a kake rabawa sadaka?"

"Shugaba, noti ɗaya ne fa."

"Yau noti, gobe allura, jibi mu ci ƙasa ke nan."

Suka ɗage shi daga bencin. Suka ce ya goge shafin, in ƙura ta lafa a mayar masa da wurinsa. Na ce, "Yaya, kada ka goge. Mutanen nan ko ruwan sama ne ya zo musu sabo sai sun kai shi ƙara." Ya ce, "Ƙanena, mutum ba ya faɗa da layinsu." Ya goge, da mabiya dubu tara a ciki. Ya koma ƙarƙashin matakalar wani bene, inda keke ɗaya ke shiga, mai keken kuma ya tsaya a rana. Shekara huɗu ƙura ba ta lafa ba.

A cikin shekarun nan masu kawo gyara suka riƙa shiga layin suna tambayar wanda suka gani a waya. Sai surukin shugaba ya buɗe shafi. Ba a kira taro ba. Na kusa da shi ya bi, kafin ka ce kwabo kowa ya zama ɗan fim. Kuma ka ga irin koyarwar tasu: mutum na bayani tiryan-tiryan, yana isa kan notin sai ya danne shi da babban yatsa, ya ce sauran sai kun zo. Rabin intanet yanzu ya san farcen shugaba.

Watan jiya na raka Yaya neman wurinsa. Bencin na nan. An kafa wa bencin wata fitila mai zobe, irin ta ɗaukar bidiyo, da ƙusa har huɗu.

"Zamani ya canza, Malam," in ji shugaba. "Sabuwar doka, ba mai zama a layin nan sai yana da mabiya dubu biyar. Kai nawa gare ka?"

Na ce, "Shugaba, ka tambayi bakinka, shi ya cinye su."

"Wa ya sa da kai, ƙanin mai gyara?"

"Kunya ce ta aiko ni, ta ce ta neme ka ba ta same ka ba."

Yaya ya ja hannun rigata. Ya ce to a ba shi bencin kawai, ya tafi da abinsa, ai da kuɗinsa aka ƙera shi. Shugaba ya dubi fitilar ya ce cire ta zai ɓata musu saiti.

A hanya na ce ya buɗe sabon shafi, ni zan riƙe masa wayar. Ya ce zai duba. Har yau ni ke zaginsu. Shi dai ya daina bi ta layin, gara ya zagaya ta bayan kasuwa.