Kwalbar da Na Toshe da Totuwa

'Yan'uwa, kun daɗe ba ku ga rubutuna a nan ba. Lafiyata lau, tsufa ne da ƙiwa. Jiya na ga bidiyon wasu samari suna haɗa asid ɗin wankin tayil a bokitin ƙarfe, suna dariya. Raina ya ɓaci, na ce gara in faɗi abin da na fi shekara sittin ban ba da labarinsa ba.

Bayan samun 'yancin kai da kaɗan, ina matashi sabon aure a Paki, sana'ata liƙin bokiti da fitila da dalma. Dalma ba ta kama ƙarfe sai an shafa ruwan liƙi. Asid muke saya a Zariya, wanda 'yan boko ke kira haidirokulorik. Ubangidana ya koya mini: ruwa ake fara zubawa, sannan a tsiyaya asid a hankali, a jefa guntayen tutiya, a bar kwalba a buɗe har ta gama tafasa. Asid na cin ƙarfen, iska na fita.

Na san wannan sarai. Ganganci ne kawai.

Ranar kasuwar Makarfi na haɗa a gurguje. Motar kasuwa na ta oda, kwalba na tsuwa, sai na cusa mata totuwar masara don kada ta zube a akwati. Na sunkuya zan ɗaure igiya, totuwar ta yi tsalle, ruwan ya watso mini a fuska.

Ban taɓa jin zafi irin wannan ba. Kamar an zuba mini garwashi a ido.

Gwaggona ta fito tana salati, ta ce a kawo man shanu a shafa. Mai ɗakina Asabe, amaryar da ko ɗaga ido ba ta yi a gaban Gwaggo, ta ƙi. Ta sha ganin ina tsoma hannu a ruwa in asid ya taɓa ni. Ta danne kaina a cinyarta, ta buɗe mini ido da yatsu, tana kwarara ruwa ina zaginta. Randa biyu ta ƙarar.

Motar da nake wa gaggawa ita ta kai ni asibiti a Zariya. Sule huɗu aka ba direba.

An sake wankewa, an ɗiga magani, an naɗe idanun biyu. Kowace safiya a kwance bandeji, a haska tocila, a tambaye ni me na gani. Hazo kawai. Tsoro ya kama ni sosai, wallahi na yi kuka. Mai liƙi ba ido, da me zai ci da iyali? Sai da muka sayar da akuya biyu saboda magani da abinci.

Likita ya tambayi wanda ya fara wanke mini, na ce matata. Ya ce, "Da man shanun aka shafa, da babu abin da zan iya yi maka."

A kwana na goma sha tara da aka kwance, na ga tagar ɗakin, na ga maɓallan rigar likita, har na ƙirga su. Idon hagu ya tafi, haske kawai yake gani. Na dama ya dawo garau. Alhamdu lillahi, da shi na yi shekara arba'in ina liƙi.

Don Allah ku riƙe wannan. Asid ake zuba wa ruwa, ba a zuba wa asid ruwa, don yana zafi ya fantsamo. Kada ku haɗa a mazubin ƙarfe, yana cinye shi. In ya taɓa ƙarfe yana tsuwa, kada ku rufe, kada ku kusanto da wuta, iskar tana kamawa. Ku yi a fili, ku kare ido da hannu. In ya shiga ido, ruwa ne, mai yawa, a daɗe ana zubawa, sannan asibiti.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan da ban san sunansa ba.

Asabe tana nan, ta tsufa ita ma. Ɗazu na sa tabarau na karanta mata wannan, na ce na gode. Sai ta ce, "Malam, godiyar na karɓa. Zagin da ka yi mini ran nan fa, har yau ba ka ba ni haƙuri ba."

To, ga shi na ba ta haƙuri a nan, a gaban kowa.