Shuɗin Labule a Tsohon Bariki

Gidan da muka fara zama a N'Djamena tsohon barikin soja ne. Faransawa suka gina shi, in ji Iya mai ƙosai, wadda ke suya bakin ƙofa, a ɗakin da ake kulle soja mai laifi a da. Ɗakuna ne layi biyu suna kallon juna, ƙofofin duk iri ɗaya. A tsakiya akwai dakalin tuta, a kansa muke shanya kuɓewa. Can baya, inda ake ɗaure dawaki, akwai tsohuwar rijiya mai ruɓaɓɓen murfi. Ita ke hana ni sakewa.

Ranar da na wanke shuɗin labulen ƙofata, ina juyowa daga shanya, babu ɗana. Satinsa biyu da fara tafiya. Na sheƙa rijiya ko ɗankwali babu, na kwanta rubda ciki ina kwaɗa masa kira.

Iya ta biyo ni da matsami a hannu. "Ke 'yar nan, tashi! Labulenki wane launi ne?"

Ta ja ni wata ƙofa a ɗaya layin, ita ma mai shuɗin labule. Ga gogan a cinyar wata Balarabiya, yana shan kunu kamar gidan ubansa.

"Soja da lamba yake gane ɗakinsa," in ji Iya. "Naki sojan da labule."

Dariya ta zaunar da ni a ƙasa. Na goya shi, na ciro labulena a jiƙe, na mayar ƙofa yana ɗiga.