Tuntuɓe da Tarin Babanmu

Labarin Amurka na farko da na taɓa ji, a saman gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka na ji shi, daga bakin tsohuwar da ko gaisuwa ba ta iya da Turanci ba. Kakata ce, mahaifiyar Babanmu. Mu jikoki Sitti muke ce mata, yadda 'ya'yan Larabawa ke kiran tasu, ita kuwa ta ce duk ɗaya ne, in dai ba za mu taɓa mata goro ba. Daga Kano ta zo aikin Hajji da mijinta da ɗanta na fari a goye. Mijin ya rasu a Mina, ta duba ta ga ba abin da za ta koma ta tarar, sai ta yi zamanta. Ba iƙama, wato izinin zama, ba takardar komai. Haka ɗan ya girma, haka mu ma aka haife mu.

Babanmu tsire yake yi, wanda mutanen nan ke kira siriya. Bayan Isha'i yakan hawo da ragowar garwashin a kasko, Sitti ta ɗora butar shayi a kai, mu kewaye ta, ni da ƙanena Usama da yaran maƙwabta. Gidan a jikin dutse yake, daga saman kana hango hasken Harami ya farfasa sama. Sitti takan gyara zama ta ce, "Ga ta can tafe, hawan dutse ya gajiyar da ita." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta ƙaraso mu ji ta!" In ta gama, dole ne ta rufe: "Ƙurunƙus kan ɓeran Tandabawi, ƙaryata ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa." Ta ce tatsuniya ƙarya ce, kuma a garin nan mai alfarma mutum ba ya kwana da ƙarya a baki bai sauke ta ba.

Ban taɓa ganin mutum mai ban dariya kamar Babanmu ba, kuma ba don ubana ne nake faɗa ba. Rabin masu sayen tsirensa ba yunwa ke kawo su ba. Ya iya kwaikwayon kowa: direban tasi, mai wankin mota, alhajin da ya ɓata yana neman masaukinsa. Amma abin da ya fi shahara da shi tari ne. Duk wanda ya zauna a Makka ya san tarin alhazai, to shi sai ya raba shi ƙasa-ƙasa. Akwai tarin Bamisire, mai ƙara kamar faɗa. Akwai na Ba'indiye, mai kaɗa kai. Akwai na Bakano, wanda sai ya waiga ya ga ko akwai mai yi masa sannu kafin ya ƙarasa. Da tari ya kama shi sai mu yi tsit, in ya lafa mu ce, "Baba, wannan na wace ƙasa ne?" Ya share hawaye ya faɗa, mu yi ta birgima.

Abin da ba mu sani ba shi ne, tarin ya daɗe da zama na gaske. Ummanmu ta ga jini a hankicinsa, ta yi masa maganar asibiti, ya ce hayaƙin tsire ne da yaji. A lokacin kowa a unguwarmu ya yarda cewa marar iƙama in ya shiga asibiti da irin wannan tari, daga gado sai tarhil, wato a tusa ƙeyarsa zuwa Najeriya. Ko haka ne ko ba haka ba, har yau ban tabbatar ba. Shi dai ya yarda. Bai san kowa a Kano ba, kuma in aka tafi da shi wa zai riƙe tsohuwa da mata da yara?

Wadda ya kamata ta tsawatar masa ita ce Sitti, don maganarta kaɗai ba ya tsallakewa. To amma ɗan fari ne. Sitti irin mutanen da ne masu alkunya, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon idonsa, ko sannu ba ta yi masa a gaban mutane. "Mai tsire" take ce masa, in ta matsu ta ce "wancan". Mu da muka tashi cikin Larabawa masu rungume 'ya'yansu suna "ya habibi, ya galbi", abin yana ba mu haushi. Na taɓa tambayarta ko ba ta son Baba ne. Ta dungure min kai ta ce, "Ji min 'yar banza marar ta ido."

Sai wani dare da sanyi ya ɗan sauko, Baba yana kishingiɗe a gefe da kofin shayinsa, Sitti ta buɗe kamar kullum, muka amsa. Ta ce yau ba labarin dawa ba ne, na wani Ba'amurke ne. Ta yi shekaru tana wanki da guga a gidan wasu Larabawa a unguwar Zahir, yaran gidan kuma suna da kaset-kaset na finafinansa. Tana guga tana satar kallo, 'yar gidan tana ba ta labarin rayuwarsa. Sunansa ya ƙi zama a bakin Sitti, sai ta raɗa masa Tuntuɓe.

Ta ce an haifi Tuntuɓe a wani gari mai sanyi, a gidan da babu ta fi akwai yawa. Ubansa mai zafin hannu ne. Wata rana uban ya zaro bel zai dake shi, yaron ya juya zai gudu, ya yi tuntuɓe da kujera ya kife, ƙafafu a sama. Uban ya tuntsire da dariya har bel ɗin ya faɗi. "Daga ranar," in ji Sitti, "yaro ya gano cewa wanda ke dariya ba ya duka. Sai ya kama faɗuwa ya mai da ita sana'a."

Ya fara da gidajen cin abinci, yana faɗuwa ana jefa masa abin da ya samu. Daga nan masu fim suka ɗauke shi. Ya faɗo daga tsani, ya faɗo daga mota, ya faɗa cikin tukunyar miya. Sitti ta ba mu labarin wani fim da ya ɗauko tire cike da kofuna zai sauko daga bene, ya gangaro tun daga sama har ƙasa, kofi ko ɗaya bai zube ba, sai da ya miƙe ya yi atishawa suka tarwatse duka. Muka yi dariya, Baba ma ya yi, har ya ce wannan ɗan'uwansa ne. Da Tuntuɓe ya yi suna, sai ya ce ba wanda zai ƙara koya masa yadda zai faɗi. Ya koma shi ke tsara labarin, shi ke ba da umarni, shi ke fitowa. Ya gina gida mai lambu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya.

Nan muryar Sitti ta sauya. Ta ce wata rana wajen ɗaukar fim ya faɗo ba daidai ba, haƙarƙarinsa ya karye ya soki wani abu a ciki. Yana kwance yana murƙususu, ma'aikatansa na tafi, suna cewa bai taɓa faɗuwa mai kyau irin wannan ba. Shi kuma ya ji tsoro, in aka san ya nakasa masu zuba kuɗi za su janye, mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa su rasa abinci. Sai ya miƙe ya yi murmushi. Ciwon ya sa shi tafiya a karkace, ya mai da karkacewar abin dariya. Numfashi ya fara yi masa wuya, ya mai da hakin abin dariya. Ran da abin ya ishe shi, ya ce wa matarsa ana cin abinci, "Ina jin mutuwa zan yi." Ta ƙware don dariya.

"Sai ya ce bari ya faɗa musu da yaren da suke ji," in ji Sitti. "Ya yi fim a kan mutumin da ke ciwo ba wanda ya yarda. Ya zuba gaskiyarsa duka a ciki. Ranar nunawa ya zauna a kujerar baya. Da fuskarsa ta fito, tun bai buɗe baki ba, ɗaki ya ɗauki dariya. Yana kuka a majigi suna riƙe ciki. Da aka kunna fitila aka same shi ya zame daga kujera. Suka kewaye shi suna tafi, suna jira ya tashi."

Garwashi ya fara yin toka. Usama ya ce da Larabci, "U ba'den?" wato sai me ya faru. Ta ce, "Ba ba'den. Bai tashi ba."

Muka jira ƙurunƙus, ba ta zo ba. Na ce, "Sitti, ba ki rufe ba." Ta ce, "Ƙarya ake rufewa." Sannan ta dube ni, ni kaɗai, kamar ba kowa a saman sai mu biyu, ta ce, "Ke Zainabu, in kin ga mai tsire, ki ce masa na ce wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ba zai ɓoye shi ba. Ki ce masa gara a ce yana Kano da a ce yana ƙasa." Ga Baba nan kusa da ita, in ta miƙa hannu za ta taɓa shi.

Baba ya daɗe yana juya kofi. Can ya ce, "Zainabu, ki ce wa Inna na ji. Bari alhazai su watse tukuna." Bai yi wasa ba a daren, muka sauka jiki a sanyaye ba mu san dalili ba.

Alhazai suka watse, ya ce sai bayan Maulidi. Maulidi ya wuce, ya ce ai ya ji sauƙi. Sitti ta ci gaba da ba mu labaran dawa tana rufe su, amma duk bayan 'yan kwanaki sai ta dawo da Tuntuɓe, ta bar shi a buɗe. Har muka gaji da shi. Usama yakan ce, "Halas ya Sitti, ya isa haka, mun san ya mutu."

Daren ƙarshe da Baba ya iya hawowa saman, ya rame har jallabiyarsa ta zama kamar ta aro. Tari ya kama shi, mai tsawo, wanda ba mu taɓa jin irinsa ba, ya dafa bango ya durƙusa. Muka yi tsit kamar yadda muka saba. Da ya lafa na ce, "Baba, wannan fa na wace ƙasa ne?"

Ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Wannan na ubanku ne."

Wayyo Allah, dariyar da muka yi! Mun ɗauka zagi ne ya yi mana cikin wasa, Usama har da buga ƙafa yana maimaitawa, yaran maƙwabta suna cewa wannan ya fi na Bamisire. Shi ma da ya ga muna yi sai ya taya mu. Sitti kaɗai ta tashi, ta ɗauki butarta ta sauka.

Bai cika mako ba ya faɗi a bakin tukubarsa. Wani maƙwabcinmu mai takarda ya sa shi a mota ya kai shi asibiti, aka karɓe shi, ba wanda ya tsaya neman iƙama a wannan halin. Likita ya ce an makara. Aka sallace shi a Harami, mutane suna ta cewa ya yi dace. Sitti ba ta yi kuka a gaban kowa ba, alkunya ba ta bari ba. Amma daga ranar ba ta ƙara hawa saman ba, tatsuniya kuma ta ƙare a gidanmu.

Yanzu ina unguwar Rusaifa da mijina da 'ya'yana, takardunmu sun gyaru, Sitti ta daɗe da bin ɗanta. Tandabawin ma ba yadda na san ta take ba. Kwanakin baya 'yata tana kallon tsofaffin finafinai a waya, sai na ga mutum ya gangaro daga bene da tire cike da kofuna. Na ce ta nemo min labarinsa. Ta karanta min: gaskiya ne ya taso cikin talauci, gaskiya ne ya koma shirya finafinansa da kansa, gaskiya ne ya ji mummunan rauni wajen aiki. Amma ya tafi asibiti aka yi masa magani. Ya rayu har ya tsufa tukuf, ya ga jikokinsa. Fim ɗin mai ciwon da ba a yarda da shi ba, babu shi sam.

Ashe Sitti ce ta kashe shi. Matar da ba ta kwana da ƙarya a baki ta ɗauko Ba'amurken da ke zaune lafiya a gidansa, ta kwantar da shi a bayan ɗakin kallo, ta ƙi sauke ƙaryar, dare bayan dare, a garin da take tsoron yin haka fiye da ko'ina. Duk don ta ce wa ɗanta "kada ka mutu ka bar ni", maganar da bakinta ba zai iya furtawa ba. Na daɗe ina jin haushin alkunyar nan, har yanzu ma ina ji. Da ta kama hannunsa sau ɗaya ta kira sunansa, wa ya sani? Amma na daina cewa ba ta nuna masa so ba.

Ɗana na fari ya gado kakansa, bakinsa ba ya hutawa, kullum gidan a cike da dariya. Ni ban yi masa alkunya ba ko ta kwana ɗaya. Sunan Baba aka sa masa, Haruna, kuma ina kiransa da ƙarfi har maƙwabta su ji. In ya yi tari, ko na ƙwarewa da ruwa ne, ƙannensa sukan yi tsit suna jira ya mai da shi wasa. Ni kuwa sai na ajiye abin da ke hannuna, na dafa ƙirjinsa na ce, "Haruna, dube ni. Ina ne ke maka ciwo?"