Wa Zai Kaɗa Wa Agnetha?

Agnetha Wonner shekarunta tamanin da ɗaya, kuma ita kaɗai ta rage cikin Saksawan ƙauyen, masu asalin Jamus, da ke kula da tsohon cocinsu mai ganuwa. Siririya ce, da baƙin kallabi. Tun safe take kai da komo a ƙofar ganuwar, tana ɗaga kai tana duban hasumiya.

Mutanenta duk sun koma Jamus. Idan wani ya rasu a can, sai a bugo mata waya, ta hau ta kaɗa masa ƙararrawar garinsu. Yau ma an bugo, amma gwiwoyinta sun ƙi matakala.

Ga maƙwabcinta Ilarie, Baromaniye ɗan asalin ƙasar, mabiyin wani cocin, ya zo wucewa a keken doki.

"Inna Agnetha, yau kamar kaza mai neman wurin ƙwai!"

"Rufe min baki, sauko. Ka iya jan igiya?"

"Ai ƙararrawarku ba ta san hannuna ba."

"To, gara ta sani. Ranar tawa mutuwar wa zai hau? Ni?"

Ilarie ya daina dariya, ya sauko. Ta ciro makullin hasumiyar ta miƙa masa. Ya kama, amma har yanzu ba ta saki ba.