Mai Lasifikar Dokta Mahfuz

Alkasum Mumuni bai wuce aji huɗu ba a lakwal, amma kunnensa ya riƙe Faransanci fiye da yadda hannunsa ya riƙe alƙalami. Manomin albasa ne a Badaguishiri, garkarsa tana can bakin fadama. Allah ya ba shi murya, in ya kira mutum daga gindin rijiya sai a ji shi a bakin hanya.

Ya san Dokta Mahfuz tun kafin siyasa, lokacin yana likitan dabbobi a Illela, saurayi siriri mai yawon ƙauyuka a kan moto, wato babur. Wata shekara ciwo ya faɗa wa shanun huɗar Alkasum guda biyu. Likitan ya duba su, bai yi wani kwana-kwana ba ya ce wannan zai tashi, wancan kuwa a yanka shi tun yana da rai. Haka kuma aka yi. Tun ranar Alkasum ya riƙe shi mutumin da ba ya ɓoye gaskiya don a ji daɗi.

Da Dokta ya ajiye aiki ya kafa jam'iyya, ya ci kujerar majalisar dokoki a Yamai, sai jawabansa suka riƙa zuwa ta rediyo, yawanci da Faransanci. Alkasum yakan ajiye rediyon a kan kunya yana ban ruwa yana saurare. Ranar kasuwa ya ɗaura lasifika a kan amalanke, ya maido wa mutane maganar da Hausa. Ba wanda ya sa shi. Daga Badaguishiri ya kai Illela, wani lokaci har Tsarnawa. Abin da ya sa ake taruwa a gabansa shi ne ba ya ƙari ba ya ragi. In ministan gwamnati ya ba Dokta amsa mai ƙarfi, ita ma sai ya faɗe ta yadda take. Munkaila mahauci, wanda ɗan jam'iyya mai mulki ne na gani-kashe-ni, yakan bar teburinsa ya zo ya tsaya, ya ji, ya yi tsaki, ya koma.

Zaɓen shugaban ƙasa na farko Dokta ya zo na huɗu. Na biyu ya zo na uku. A na ukun ya kai zagaye na biyu, ya faɗi, ya zama jagoran 'yan adawa na ƙasa. Duk faɗuwa Alkasum ne ke sanar da ita a kasuwa da bakinsa.

Sai wata safiya rediyo ya ce Dokta ya shiga gwamnati, an ba shi ministan kiwo. Alkasum ya kwance lasifikar ya rataye ta a zaure. Kasuwa uku ta ci bai fita ba. Matarsa Surayya ta ce, “Malam, mutane suna tambaya ko ba ka lahiya.”

Ya ce, “Lahiyata lau. Abin hwaɗi ne ba ni da shi.”

Labari ya kai Yamai. Bayan wata biyu, da hantsi, mota ta tsaya a bakin fadama. Dokta ya sauko, ya tattare babbar rigarsa, ya bi tsakanin fangalai har inda Alkasum yake duƙe. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, sannan Dokta ya zauna a kan kututturen giginya.

“Malam Alkasum, an ce ka yi hushi da ni.”

“Dokta, kai ka ce ba ka shiga gwamnatin ga ko an kira ka. Ni na kai maganar kasuwa ukku. Yanzu in koma in ce musu mi?”

Dokta ya ce an yi masa alkawarin buɗe burtalolin da aka toshe da haƙa rijiyoyin makiyaya, aikin da ya shekara ashirin yana kuka a kansa. Ya ce, “Ka ce musu na canza magana. Ka gaya musu dalili, su yi hukunci da kansu.”

“In kuma suka tambaye ni abin da na gani?”

“Ka hwaɗa musu.”

Ranar kasuwa Alkasum ya fito. Ya faɗi tsohuwar maganar Dokta, ya faɗi sabuwar, ya kawo dalilin daki-daki. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ƙara nasa: “Ni dai ban yarda ba. Amma mutumin ya zo har garkata, bai yi mani ƙarya ba.” 'Yan jam'iyyar Dokta suka ji haushi, wasu suka daina gaishe shi. Bai bi kowa da ban haƙuri ba.

Dokta ya yi wata goma sha huɗu a kujerar. An haƙa rijiyoyi bakwai, burtali ko ɗaya ba a buɗe ba. Ya ajiye muƙamin ya koma adawa, ya fito a rediyo ya ce ya yi kuskure. Ya sake tsayawa takara sau ɗaya, bai ci ba. Mulkin ƙasa dai Allah bai nufe shi da shi ba.

Ranar da ya sauka daga shugabancin jam'iyya ya miƙa wa matasa, Alkasum ya riga ya yi furfura, gwiwa ma ta fara ba shi wahala. Duk da haka ya hau amalanke ya fara maido jawabin bankwana. Ya kai inda Dokta yake roƙon gafarar duk wanda ya ɓata wa, sai ya tsaya, ya sauke lasifikar. Munkaila ya goge hannunsa, ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa masa.

“Sha ka ƙarasa, Malam. Muna jinka.”

Ya sha, ya yi gyaran murya, ya ƙarasa jawabin har ƙarshe.